Wanda Birai Ke Miƙa wa 'Ya'yansu

Katin kyamara kawai na je ɗaukowa. Aikin da bai fi minti ashirin ba, zuwa da dawowa.

Ranar Talata ce, ƙarshen watan Oktoba. Na makara a Azru saboda layin asibiti, sai da la'asar sakaliya na ɗauki Baffa Bassu a ƙofar gidansa muka kama hanyar dutse. Rediyon mota na ta nanata cewa ƙanƙara za ta sauka a daren. In ta sauka, hanyar dajin ta rufe ke nan sai bayan mako biyu ko uku. Ni kuwa saura kwana tara in tsaya gaban masana halayyar dabbobi a Tunis in nuna musu abin da na gano.

Sunana Nazha. Shekara huɗu na yi ina bin garke ɗaya na biran dutse a dajin dogayen bishiyoyin arz da ke saman garinmu, daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, da littafi a hannu da kyamara a wuya. Baffa Bassu ne idona da ƙafata. Ya haura sittin, a dajin ya yi kiwo, a dajin ya yi saran itace, kuma shi ya raɗa wa biran sunaye. Babban namijin, mai furfura a kumatu, Alƙali yake ce masa, wai don ba ya raba faɗa sai ya ci ya ƙoshi.

Biran nan suna da wata al'ada da duk mai bincikensu ya sani. In namiji yana neman shiri da wanda ya fi shi ƙarfi, ba ya zuwa hannu rabbana. Sai ya ɗauki jariri, na kowace uwa ce, ya je ya miƙa masa. Su riƙe shi tare, ɗaya ta kafaɗu, ɗaya ta ƙafafu, su ɗaga shi, su sunkuya a kansa suna kaɗa haƙora, kaf-kaf-kaf. Minti ɗaya ko biyu an shirya. Uwar tana gefe tana gadi, da ta ga abin ya isa sai ta shigo da ihu ta fizge abinta.

A watan Yuni na ga Alƙali da kansa ya ɗauki jariri dab da magariba. Abin ya ɗaure min kai, don Alƙali ba shi da na gaba a garken, babu wanda zai roƙa. Na bi shi. Ya gangara wani ɗan kwari mai duwatsu, inda kututturen wata tsohuwar bishiya da tsawa ta ƙone yake tsaye. Ya zauna gaban kututturen, ya miƙa jaririn, ya fara kaɗa haƙora.

Babu kowa a gabansa.

Amma ƙafafun jaririn suka tashi sama, suka tsaya a iska a miƙe, kamar an riƙe su.

Sau goma sha tara na ɗauki hoton wannan abu, daga nesa, daga bayan biran. Sau goma sha bakwai jaririn ya dawo. Sau biyu duhu ya rufe ban ga ƙarshen abin ba, washegari kuma na ƙirga garken na ga babu shi. Na rubuta a littafi cewa ƙila dila ne ko karen makiyaya. Daga nan na haɗa takarda, na ɗora ta a shafin da masana ke ajiye bincikensu kafin a buga shi, tare da bidiyo uku da lambobin taswirar wurin, kamar yadda ƙa'ida ta ce. Cikin wata ɗaya aka gayyace ni Tunis. Tawagogi uku daga ƙasashe uku suka rubuto suna neman izinin zuwa da bazara su gani da idonsu.

Farfesa Abdulhak, wanda nake aiki a ƙarƙashinsa, ya kira ni yana dariya. Ya ce abin ya yi kyau, amma a Tunis kaca-kaca za a yi da ni, za a ce jaririn ne ke harba ƙafa ni kuma na tsaya a mummunar kusurwa. Ya ce in samo hoto daga gaba, daga jikin kututturen, in ba haka ba in zauna a gida. Na tuna masa cewa babu sauran jariri a garken. Tara aka haifa a shekarar: biyu sun ɓace, wani tari ya kashe uku, ɓarayin 'ya'yan birai suka kwashe huɗu. Ya ce to in nuna abin da mazan suke yi in babu jaririn, ai wannan ma amsa ce.

Shi ya sa na ɗaure kyamara a jikin kututturen da tsakar rana, kwana uku kafin wannan Talatar.

A mota Baffa Bassu bai taɓa shayin da na zubo masa ba. Yana ta leƙen rana ta tagar, tana neman shigewa bayan duwatsu.

"Doktora," ya ce, "duk karatun nan da kika yi har ƙetaren teku, ba a koya miki duba agogo ba?"

Na ce masa in tsoro yake ji ya fito fili ya faɗa, ba sai ya jingina da agogo ba. Na zaci zai rama da zolaya kamar kullum.

"Tsoro nake ji," ya ce.

Mota na ta tsalle a kan duwatsu. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, Yamna ta faɗa masa. Yamna matarsa ce. Wai tun ranar da na ture kwanon tagin, miyar naman da ta dafa, na fita waje ta gane, ta kuma ƙirga watannin da kanta.

Ciki ne da ni wata biyar. Shekara bakwai da aurena da Munir, ciki biyu sun zube, wannan ne na farko da ya zauna. Na ɓoye shi a ƙarƙashin babbar rigar sanyi, don na san ranar da Farfesa ya ji, ranar zai ɗauke ni daga daji ya ba wani garkena.

"'Yata, wurin can gidan maƙwabta ne," Baffa ya ce a hankali. Haka tsofaffinmu ke kiran mutanen ɓoye, ba sa kama sunansu bayan la'asar. "Da rana kin shiga na yi shiru. Amma mai juna biyu ba ta shiga da magariba. Ni zan je in kwance miki abin naki."

Na dubi gwiwarsa. Tun da ya faɗo daga dutse bara, da sanda yake tafiya, gangaren kwarin kuma ko mai ƙafa biyu lafiyayyu sai ya dafa. Ban yi musu ba. Na ce to, ya yi sallah tukuna.

Muka tsaya inda hanya ta ƙare, a bakin rafi. Ya fita, ya durƙusa da ƙyar, ya naɗe hannun jallabiyarsa ya fara alwala. Yana wanke fuska na tsallake rafin a kan duwatsu na shige cikin bishiyoyi.

Allah ya yafe min. Har dariya na yi a raina.

Dajin arz da yamma yana da ƙamshinsa, ƙaron itace da danshin ganye. Sanyi na cizon kunne. Sama ta yi nauyi, launin toka, irin wadda ke zuwa kafin ƙanƙara. Na san hanyar kamar tsakar gidanmu, na kama sauri, takalmana na murƙushe busassun rassa.

Sai da na yi nisa na lura takalmana kaɗai nake ji.

Babu tsuntsu. Babu iska a saman bishiyoyi. A irin wannan lokacin biran sun riga sun hau bishiyoyin kwana, ana ta rigimar wuri, matasa na kokawa, ɓawon itace na zubowa. Na ɗaga kai. Rassan babu kowa.

Na ce a raina sun canza wurin kwana saboda sanyi. Har na yi niyyar rubutawa.

Na gangara kwarin ina dafa duwatsu da hannu ɗaya, ɗayan yana kan cikina. Kututturen na nan, baƙi ƙirin, ya fi mutum tsawo. Na buɗe murfin kyamarar, yatsuna sun sandare, sai a karo na uku na zaro katin. Na jefa shi a aljihu na ja zik.

Sai na ji ɗumi.

Ba ɗumin gudu ba ne. Iskar wurin ce ta canza, kamar na shiga ɗakin da aka kwana ana hura wuta. Tare da ɗumin wani wari ya zo, ƙarnin jini da hayaƙin turare da madara. Na san warin. Ɗakin yayata ne ranar da ta haihu.

Na juya.

Suna nan duka.

Talatin da takwas, na ƙirga su ba da niyya ba, sabo da aiki ne. Sun zauna a kan duwatsu, sun zagaye kwarin, matan a sama, mazan a ƙasa. Ban ji saukowarsu ba. Babu mai sosa jiki, babu mai tsefe wa wani gashi.

Shekara huɗu biran nan ba sa kallona. Wannan ne alfaharina, na zama musu kamar dutse ko bishiya. Yanzu ido saba'in da shida na kaina.

Ba fuskata suke kallo ba. Ƙasa da nan.

Alƙali ya taso. Ya tako a hankali, ya tsaya a gabana. Ban taɓa kusantarsa haka ba, har ina ganin tabon da ke leɓensa. Na kawar da ido kamar yadda ake yi, na fara ja da baya.

Ya kama wuyan hannuna.

Tafinsa sanyi, da kaushi kamar tsohuwar fata. Bai matse ba. Bai kuma saki ba. Wani namiji ya kama bakin rigata ta ɗaya gefen. Suka juya ni, a hankali, da ladabi, har na fuskanci kututturen.

Suka matsa da ni gaba taku biyu.

Kaf-kaf-kaf.

Alƙali ne ya fara. Sauran mazan suka ɗauka. Ƙarar ta cika kwarin kamar ana zuba tsakuwa a kwano.

A lokacin na gane. Wata biyu ba su da abin miƙawa. Yau sun samu.

Na so in yi ihu, na kasa. Na so in karanta Ayatul Kursiyyu, wadda na haddace tun ina 'yar shekara shida, na nemi farkonta na rasa.

Tsakanina da kututturen babu komai. Ina ganin ƙonannen itacen, ina ganin kyamarata da murfinta a buɗe. Amma ganyen da ke ƙasa ya lotsa a wuri biyu. Sannan ya lotsa a wasu wurare biyu, kusa da ni.

Numfashi ya sauka a tsakiyar kaina. Daga sama.

Na rufe ido.

Hannaye suka dafa cikina.

Rigar sanyina a rufe take har wuya, da wasu riguna biyu a ƙarƙashinta. Hannayen ba su damu da su ba. A fatata na ji su, masu ɗumi, masu laushi, yatsun dogaye har sun zagaya bayana. Suka lallaɓa kamar ungozoma. Suka tsaya.

Sai suka shige ciki.

Babu zafi. Da da zafi da ya fi min sauƙi.

Likita ta tambaye ni da safiyar ranar ko na fara jin motsi, na ce tukuna, ta ce kada in damu. A nan na ji shi karo na farko. Abin da ke cikina ya juya.

Wajen hannayen ya juya.

Wata murya ta yi magana dab da kunnena, ƙasa-ƙasa. Ba ta mace ba, ba ta namiji ba. Da harshen kakata ta yi maganar, irin na tsofaffin da suka mutu tun ina yarinya.

"Na wa ne?"

Haƙoran biran suka tsaya cak.

Na ji an fara ɗagawa. A hankali, kamar ana zare zare daga tsumma. Nauyin da na saba ɗauka wata biyar ya fara raguwa.

Ban san yadda aka yi ba, a wannan halin, littafina ne ya faɗo min a rai. Wani ɗan rubutu da na yi a gefen shafi na manta da shi, don na ga lamba biyu ba ta isa hujja ba. Jariran nan biyu da ba su dawo ba. Ɗaya karnuka sun kashe uwarsa. Ɗayan tari ya kashe tasa.

Babu wadda ta shigo ta karɓe su.

"Na wa ne?" muryar ta sake cewa.

Na fizge hannuna daga na Alƙali, farcensa ya yage min fata. Na rungume cikina da hannu biyu. Yatsuna suka taɓa wasu yatsu.

Na kama su.

"Nawa ne," na ce. Da ƙyar ta fito. Na sake faɗa, wannan karon da duk abin da ya rage min a ƙirji. "Nawa ne. Yana da uwa. Bismillahi, yana da uwa."



Yatsun ba su saki ba. Ba su kuma ƙara ja ba. Muka tsaya haka, ni da mai hannayen, kowa riƙe da gefensa. Ina jin bugun zuciya biyu a tafin hannuna, tawa da wata ƙarama mai sauri.

Daga can sama, nesa, wata tsohuwar murya mai rawa ta ɗaga kiran sallah.

Baffa Bassu bai taɓa zama ladan ba, muryarsa ma kamar ta tsohon ƙyaure take. Ban taɓa jin abin da ya kai ta daɗi ba.

Yatsun suka zame daga nawa, ɗaya bayan ɗaya. Na ƙarshen ya daɗe.

Nauyin ya dawo min gaba ɗaya.

Na ruga.

Ban san yadda na hau gangaren ba. Biran suka buɗe min hanya, babu wanda ya taɓa ni. Wata tsohuwar birinya da ta rasa ɗanta a hannun ɓarayi ce kawai ta yi wani ɗan kuka sa'ad da na wuce ta. Duhu ya fara haɗuwa tsakanin bishiyoyi. Ƙanƙara ta fara sauka, tsilli-tsilli, tana narkewa a fuskata.

A bayana ɗumin na biye da ni.

In na yi sauri ya yi sauri. Ina jin shi a ƙeyata, kamar an buɗe murhu. Ƙanƙarar da ke faɗowa a gabana fara ce, amma ina jin tana zama ruwa a bayana, tana ɗiga a kan ganye.

Na hango Baffa. Ya tsallako rafin, ya shigo daji ya fi taku ɗari da gwiwar nan tasa, sandarsa ta ɓace, yana dafa bishiyoyi yana kiran sallar. Da ya gan ni bai daina ba. Idonsa ya wuce ta saman kaina, ya ɗaga, ya ƙara ɗagawa. Na ga fuskarsa ta canza.

"Kada ki waiwaya," ya ce tsakanin kalmomin kiran. "Wuce ni. Shiga ruwan."

Ban nemi duwatsun tsallakawa ba. Na faɗa rafin har gwiwa, sanyinsa ya soke ni har ƙashi. Ina fita ɗaya gefen ɗumin ya yanke, kamar an rufe ƙofa.

Baffa ya biyo ni da baya da baya, yana jan ƙafa, fuskarsa na kallon daji, har ya ƙarasa kiran sallar a tsakiyar ruwa.

A mota na kasa saka makulli. Shi ya riƙe min hannu har ya shiga. Sai da fitilun Azru suka bayyana a ƙasa na tambaye shi abin da ya gani. Ya ce in kula da hanya. Na sake tambaya a ƙofar gidansa, ya ce shi tsoho ne, idonsa ba ya gani sosai da magariba. Har ya rasu bai canza wannan amsar ba.

Yamna ta tuɓe min jiƙaƙƙun kaya, ta zaunar da ni gaban murhu, ta yi ta zagina tana shafa min man zaitun tana kuka. Ta ce doktorar banza, wadda birai suka fi ta hankali. Da safe Munir ya zo daga Miknas ya kai ni asibiti. Aka duba, aka ce komai lafiya, yarinya ce, zuciyarta na bugawa daidai.

Katin na kalla sau ɗaya. Kwana uku, kowace magariba mazan na zuwa hannu wofi su zauna gaban kyamarar, idanunsu a sama, can sama da inda kan mutum zai kai. Kowace rana suna ƙara matsowa da juna, suna rawar jiki. Ba shiri suke nema ba. Na yi shekara huɗu ina karanta fuskokin nan, na san fuskar biri mai roƙon a bar shi da rai.

Na cire takardata daga shafin a ranar. Amma an riga an sauke ta sau ɗari shida da wani abu, da lambobin taswirar a shafi na biyu. Na rubuta wa tawagogin nan uku cewa kada su zo. Biyu suka amsa cikin raha, suka ce sun gane, kowa na kishin wurin aikinsa, amma ilimi na kowa ne. Shugabar ta ukun ta ce kada in damu da masauki, za su kafa tanti a bakin kwarin, ita da mijinta da ɗansu ɗan wata takwas.

Kwana biyu ban yi barci ba. In na faɗi gaskiya, dariya za su yi su zo. In na yi shiru, za su zo. Abu ɗaya ne na san yana hana masani taka ƙafarsa a wuri.

Na je Tunis. Zauren ya cika, har da na tsaye a baya. Farfesa Abdulhak na layin gaba yana min murmushi. Na hau, na gyara abin magana, na ce musu bidiyon haɗi ne. Na ce ni na goge hoton namiji na biyu da na'ura, don ina neman suna. Na ce babu komai a kwarin sai ƙonannen kututture, kuma ina neman afuwar duk wanda na ɓata wa lokaci.

 Farfesa ya tashi ya fita, bai sake yi min magana ba. Cikin wata ɗaya aka kore ni, aka janye sauran takarduna huɗu, waɗanda babu ƙarya ko ta harafi ɗaya a cikinsu. Babu tawagar da ta zo da bazara.

Mutum ɗaya ne bai yarda ba. A farfajiyar otal wani dattijo daga Aljeriya, wanda na yi shekaru ina karanta littattafansa, ya tare ni. Ya ce ya duba bidiyon hoto bayan hoto, babu hannun na'ura a ciki. Na ce masa ya yi kuskure. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce shi ma yana da wani littafin aiki na shekara arba'in da suka wuce wanda bai taɓa nuna wa kowa ba. Ya ce Allah ya sauke ni lafiya, ya wuce.

Yanzu ilimin halittu nake koyarwa a wata makarantar sakandare a Miknas. Ban sake hawa dajin ba. Makiyaya sun ce garken ya bar wannan yankin tun a wancan hunturun, babu wanda ya san inda ya koma.

Hiba ta zo a watan Fabrairu, lafiyayya, da gashi cike da kai. Ungozoma ce ta fara ganin tabon a bayanta, layi huɗu dogaye a kowane gefe, daga haƙarƙari zuwa ƙashin baya. Likita ya ce tabon haihuwa ne, zai baje. Bai baje ba, tare suke girma.

Shekararta biyar yanzu. Ba ta taɓa ganin biri ba sai a littafi, ba mu taɓa faɗa mata komai ba, ni da Munir mun yi wa juna wannan alkawarin. Ranar Juma'ar da ta wuce ina mata wanka da yamma, ina cuɗa mata baya, tana wasa da kumfa. Sai ta ɗago kai ta dube ni.

"Mama," ta ce, "wane ne wanda ya riƙe ni kafin ke?"

Na ce babu kowa, ni na fara riƙe ta.

Ta yi ɗan tunani, ta koma kan kumfarta.

"Ya ce aro ya ba ki," ta ce.